Tsakuwar da Na Share a Jamus

Tun da na dawo, duk wanda muka haɗu da shi a Tudun Wada sai ya tsare ni da tambaya: yaya Jamus, ka ga ƙanƙara, da gaske ne karnukansu suna shiga jirgin ƙasa? Na gaji da amsa guntu-guntu a bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta. Sai dai in faɗa tun farko, ban riƙe littafin rubutu a tafiyar ba, kuma wata huɗu ke nan da dawowarmu. Wasu ranakun sun haɗe mini da juna, wasu maganganun kuma da Turanci aka yi su, na juya su yadda na fahimta. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Mu uku aka tura daga Zamfara, kwas na mako uku kan adana iri da hatsi. Akwai Malam Bala, mutumin Bungudu, malamin gona da ya kusa ritaya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai Madam Rifkatu, iyayenta daga kudancin Kaduna suke amma a Gusau aka haife ta, a ɗakin gwajin iri take aiki. Sai ni, ƙaraminsu, shekarata biyar da gama jami'a.

Mun bar Gusau bayan rana ta ɗaga, don babu direban da zai yarda ya kama hanyar Funtua da sassafe. Da muka wuce duwatsun Kwatarkwashi na roƙi direba ya ba ni minti goma a Tsafe in yi sallama da Inna Hajo, yayar mahaifiyata. Dole in yi bayanin wannan tsayawar, domin abin da na ɗauka a can shi na ja har Jamus.

Damina uku da suka wuce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen su Inna, can bayan 'Yandoto cikin daji. Ina Gusau lokacin. Washegari na bi masu zuwa jana'iza. Rami ɗaya aka haƙa, da sauri, saboda ana tsoron su dawo. Mai gari ya miƙo mini takarda da biro ya ce, "Kai ɗan boko, rubuta sunayensu." Na karɓa na sa a aljihu, ban rubuta ba. A lokacin ana ta cewa duk wanda aka tare a hanya da takarda mai sunaye, mai kai rahoto za a ɗauke shi. Na ce a raina in na isa gida na rubuta. Da na isa gida na zauna, sunaye goma sha ɗaya na iya tabbatarwa. Wasu sun ce sha biyu muka binne, na sha biyun kuwa Sani ne, ɗan Inna. Wasu sun ce a'a, an ga Sani ɗaure cikin waɗanda aka kora daji. Babu wanda ya taɓa kiran waya a kansa. Ƙauyen ya watse, mai garin ya rasu bara. Matar Sani, Balki, tana zaune da Inna a ɗaki ɗaya bayan kasuwar Tsafe, ba ta yi takaba ba, ba kuma matar aure ba ce kamar sauran matan aure. Malamai sun ce in an sami masu shaidar sun ga gawarsa, magana ta ƙare. Akwai wani tsoho da ya ce ya gani. Ni ake jira in zama na biyu, domin ina cikin waɗanda suka riƙe ƙafafu aka saka a ramin.

Na iske Inna tana tsintar wake a faifai.

"An ce za ka ƙasar Turawa."

"E, Inna."

"To kahin ka hau sama, hwaɗa min. Sani na cikin ramin ko ba shi ciki?"

"Inna, ina zato dai..."

"Zatonka ya ishe ni. Shekara uku ina cin zatonka, ban ƙoshi ba. Tahi ka dawo. In ka dawo, i ko a'a ni ka so."

Direba ya danna hon, na fito. Daga Tsafe zuwa 'Yankara babu wanda ya yi magana a motar, har Malam Bala. Sai da muka hango Funtua ya sauke numfashi ya ce, "Madam, in kin gama naku addu'o'in ki rage mana, namu sun ƙare tun baya."

A Abuja muka kwana, washegari muka hau jirgi. Ban ci komai a cikinsa ba sai biskit, saboda ban yarda da naman ba. A filin jirgin Jamus na miƙa wa jami'in shige da fice takarduna, kowace na yi mata kwafi uku na jera a jaka. Bai duba ko rabi ba. Tambayarsa ɗaya ce, ya yi ta sau biyu: yaushe zan koma? Malam Bala kuwa kare ne ya tona masa asiri. Karen ya zo ya zauna a gefen jakarsa kamar an aiko shi. Aka buɗe, ga kilishi ƙunshi biyu da matarsa ta sa masa. Suka ce ba a shiga da nama. Ya ce ai busasshe ne, ya daina zama nama tuntuni. Ba su yi dariya ba. Suka jefa a wani kwando, ya bi shi da kallo har muka fita.

Masaukin da aka ba mu mai tsabta ne, kowa da ɗan ɗakinsa, amma babu buta a banɗaki. Ranar farko muka sha ruwan gora muka mai da gorar buta. Kwandon shara huɗu ne, kowane da irin sharar da yake karɓa, kuma wata mata mai kula da gidan ta dawo mini da ɓawon ayaba don na jefa shi inda ba nasa ba. Na kwana biyu ina jin kunyar abin. Abinci burodi ne mai tauri da cuku da dankali, ruwansu kuma mai kumfa ne sai ka roƙi wanda ba shi da ita. A jirgin ƙasa babu mai gaida wani. Malam Bala ya yi sallama da ƙarfi ranar farko, wani mutum ya ɗauke jakarsa ya koma wata kujera. "Waɗannan," in ji shi, "ko mutuwa aka yi musu ba na jin suna zuwa gaisuwa."

Asabar ta biyu masu kwas ɗin suka ce an shirya mana ziyarar yini ɗaya zuwa wani tsohon sansani na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda masu mulkin Jamus na wancan zamanin suka tsare mutane suna azabtar da su da aiki da yunwa har su mutu. An mai da shi wurin tunawa. Mu kusan ashirin ne a motar, daga ƙasashe daban-daban. Mai yi mana jagora wata dattijuwa ce, Madam Katrin, tsohuwar malamar makaranta. Tun a mota ta ce ba wurin dariya za mu ba, kuma kada a ɗauki hoto ana murmushi.

Abin da ya fara ba ni mamaki kusancin wurin da gari. Na ɗauka sai an shiga daji. Ashe gidaje ne da furanni a tagoginsu, sai katanga, sai ƙofar ƙarfe mai rubutun da Madam Katrin ta fassara mana cewa wai aiki ne ke 'yanta mutum. Madam Rifkatu ta tambaye ta, "Mutanen garin fa, me suka ce?" Ta ce da yawansu bayan yaƙi sun ce ba su san abin da ake yi a ciki ba. Malam Bala ya juyo gare ni da Hausa ya ce, "Kamar mu a Gusau ke nan. Mu ma ba mu sani ba, muna dai ganin mata da yara 'yan gudun hijira a kangon gini." 

Ina so in yi hattara a nan. Ban ce abin da ya same mu daidai yake da nasu ba. Nasu gwamnati ce ta zauna ta tsara, da ofisoshi da jiragen ƙasa da ma'aikata, kuma yawan waɗanda suka hallaka ba abin da zan kwatanta da komai ba ne. Yahudawa aka fi nufa, sai wasu ƙabilu, da 'yan adawa, da malaman coci, da duk wanda aka ga dama. Ina faɗin abin da na ji a jikina ne kawai.

Madam Katrin ta kai mu filin da ake tsayar da fursunonin ana ƙirgawa safe da yamma, ko da sanyi na kisa. Ta kai mu ɗakin kwana, gadajen katako hawa uku kamar rumbun ajiyar iri, ta ce wurin mutum ɗaya akan cusa uku ko fiye. A wani zaure an jera kayansu cikin gilashi: cokali, maɓalli, takalmin katako, wasiƙa. Cokalin ya tsaya mini a rai. Ƙarfe ne lanƙwasasshe, amma an sa masa fitila, an rubuta bayaninsa da harshe biyu. Ramin da muka binne mutanenmu ko ƙaya ba mu samu mun ɗora masa ba, yanzu na ji ciyawa ta fi mutum tsawo a wurin.

Daga nan akwai wani babban littafi a buɗe a kan tebur, sunaye ne kawai, shafi bayan shafi. Madam Katrin ta ce masu kisan da kansu suka rubuta da yawa daga ciki, domin ma'aikata ne masu son tsari, kowane fursuna da lambarsa da ranar shigarsa. Sauran kuma shekaru aka yi ana bin dangi ana haɗawa, har yau ba a gama ba. Na tsaya a gaban littafin ina jin kamar a bainar jama'a aka kira sunana. Masu kisa sun rubuta. Ni da na zo binnewa, aka ba ni biro a hannu, ban rubuta ba.

Ɗakin da ake ƙona gawarwaki ban iya daɗewa a ciki ba. Malam Bala ya leƙa ya fito yana salati, ya ce ko dabba ba a yi mata haka. Na bar su na zagaya baya ni kaɗai, ta wata 'yar hanya cikin itatuwa. A nan na yi kuskuren da har yanzu in na tuna sai gumi ya karyo mini.

Akwai wani faffaɗan dutse shimfiɗe a ƙasa da rubutu a kansa. Na gane kabari ne. Amma duk samansa tsakuwa ce barbaje, manya da ƙanana, har ta rufe rabin rubutun. A wurinmu in ka shiga maƙabarta ka ga kabari da datti ka wuce, ka yi abin kunya. Tun muna yara ake fitar da mu gayyar sharar maƙabarta bayan damina, ana gaya mana ladan da ke ciki. Na ce a raina ga mutanen da ke da kwandon shara huɗu, sun bar kabari haka. Har wani ɗan daɗi na ji, cewa yau ni zan gyara musu wani abu. Na durƙusa na sa tafin hannu na share tsakuwar tas, na tara ta wuri ɗaya a gefe, na goge dutsen da hannun rigata.

Ina miƙewa na ga wani tsoho da sanda, da wata mata riƙe da hannunsa, suna tsaye a bayana. Matar ta yi magana da ƙarfi cikin harshen da ban sani ba. Tsohon kuwa tarin tsakuwar yake kallo. Sai ga Madam Katrin da sauran ƙungiyar. Ta dubi dutsen, ta dube ni, fuskarta ta yi ja.

Ta yi mini bayani a hankali, kuma hankalin ya fi faɗa ciwo. Wurin kabarin toka ne, tokar mutanen da ba a san adadinsu ba. Yahudawa in sun ziyarci mamacinsu tsakuwa suke ɗorawa, alamar an zo, ba a manta ba. Kowace ɗaya da na share wani ne ya ɗora ta da hannunsa, wasu daga wata ƙasa suka ɗauko. Tsohon ya ɗora tasa bai fi minti goma ba, ya je ya zauna ya huta ya dawo.

Na fara ba da haƙuri, Turancin ya gudu ya bar ni. Madam Rifkatu ce ta shiga tsakani, ta gaya musu yadda muke yi a gida, cewa girmamawa na nufa. Malam Bala ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa ya ce, "Tashi daga tsayuwar gunki, mu mayar musu." Muka shiga mayarwa ɗaya-ɗaya. Amma ban san inda kowace take ba, kuma duk yadda muka jera sai ta fito a layi kamar shuka, ba kamar yadda hannaye daban-daban suka ajiye ba.

Tsohon ya nuna da sandarsa, matar, wadda ashe 'yarsa ce, ta tona tarin ta ciro wata ja mai santsi. Ya karɓa ya ɗora da kansa. Sannan ya yi magana, 'yar ta juya mana da Turanci, har yanzu da fushi a muryarta. Ya ce mahaifinsa aka kawo nan, lokacin shi tsohon yana jariri. Takarda ta nuna ranar shigarsa, ba ta nuna fita ba. Wataƙila yana cikin tokar nan, wataƙila an tura shi wani sansanin ya mutu a hanya. Mahaifiyarsa ta mutu tana tambaya. Shi ya zaɓi nan, don mutum ba ya iya kai tsakuwa ko'ina da ko'ina. Ban sani ba ko ya yafe mini. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, suka tafi.

A motar komawa na kasa cin burodin da aka raba mana. Malam Bala ya matsa mini, sai na ba shi da Madam Rifkatu labarin Inna da Sani, wanda ban taɓa ba kowa a wurin aiki ba.

"Ka ji tsohon nan," in ji Malam Bala. "Wuri ya zaɓa ya huta. Je ka ce wa tsohuwa ɗanta na ciki. Ta yi kuka ta yi sadaka, yarinya ta yi takaba ta kama gabanta. Wa ka cuta?"

Madam Rifkatu ta ce, "Shi ya zaɓa wa kansa, Malam, ba wani ya zaɓa masa ba. In Sanin ya fito daga daji bayan matarsa ta yi aure fa? Kai za ka je ka tare shi a tasha?"

"Shekara uku, Madam? Wa ke ciyar da mutum shekara uku a daji bai nemi komai ba?"

"Ban sani ba. Shi ma da kake aikawa bai sani ba. Abin da nake faɗa ke nan."

Suka yi ta yi har muka shiga gari. Kowa na ji maganarsa sai in ga ita ce daidai. Sauran makon na yi shi ina auna danshin masara ina auna wannan maganar. Sau biyu na yanke shawarar bin Malam Bala. Amma shaida ce za a ce in bayar, a gaban malamai, da sunan Allah.

Ranar dawowa na sauka a Tsafe na ce su wuce. Na kai wa Inna man zafi da na sayo mata, ta ajiye ba ta duba ba. Balki tana bakin ƙofa tana wanki, ta tsame hannunta ta tsaya.

"Ka dawo. To?"

"Inna, ban sani ba. Ba zato nake ba, ban sani ba ne. Na riƙe ƙafafun mutum huɗu ko biyar, duka a naɗe cikin tabarma da zane. Ban buɗe fuskar kowa ba, kau da kai na yi don ba zan iya ba. Mai gari ya ba ni takarda in rubuta, tsoro ya hana ni. Da na rubuta da an buɗe an duba an gaya mini. Laifina ne."

 Balki ta koma ta durƙusa a gaban bahon, amma ba ta ci gaba da wankin ba.

"Sai da kat tahi bangon duniya kas samo wanga?" in ji Inna. "Na san ba ka sani ba tun rannan da kad dawo ka kasa duban idona. So ni kai ka hwaɗa da bakinka, in bar jiranka in nemi wani."

"Zan nema, Inna."

"Nema dai. Da biro wannan karon."

Ba ta sa mini albarka ba da zan fito, ban kuma ga laifinta ba.

Don haka roƙona biyu ne. Malam Bala da Madam Rifkatu, da duk wanda ke cikin motar nan ranar Asabar, in na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba ko na juya tsarin abin da muka gani, ku gaya mini in gyara. Na biyu ya fi nauyi. Waɗanda suka tsaya a bakin ramin nan tare da ni sun san ƙauyen da nake nufi, ba sai na ambata ba. Na ji wasunsu suna Gusau, wasu Funtua, wasu sun yi nisa. Na rubuta sunaye goma sha ɗaya, zan karanta wa duk wanda ya neme ni, in da kuskure a cire ko a ƙara. Wanda ya naɗe gawa da hannunsa ranar, ko ya ga waɗanda aka kora daji da idonsa, ya zo ya faɗi abin da ya gani game da Sani ɗan Hajo, ba abin da ya ji an ce ba. Wanda bai gani ba ma ya zo ya ce bai gani ba, zan rubuta hakan. Ina Tsafe kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar ɗakin Inna, Balki na jin duk abin da ake faɗa.